Inshorar Alhakin Masu Sayar da Giya a Amurka: Yadda Take Aiki da Matsayinta a Fiƙihun Musulunci

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin wata inshora da masu gidajen giya, otal-otal da gidajen cin abinci ke saya a Amurka domin ta biya musu diyya idan wanda suka shayar ya bugu ya cutar da wani. An bibiyi asalin dokokin da suka haifar da ita da yadda kamfanoni ke tafiyar da ita, sannan aka auna ta da babin lamuni, babin aƙila da hukunce-hukuncen majalisun fiƙihu kan inshora. Maƙalar ta nuna cewa hukuncin yana bambanta gwargwadon wanda ake magana a kansa: mai sayarwa, kamfanin takaful, ma'aikacin inshora, ko wanda aka cutar.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

A Amurka fiye da mutum 10,000 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗurran mota da maye ke da hannu a cikinsu, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na mace-macen hanya a ƙasar. Bayan kowane haɗari tambaya ɗaya ce ke tasowa: wa zai biya? Sau da yawa direban da ya bugu ba shi da dukiyar da za ta ishi marayun da ya bari ko jinyar wanda ya nakasa. Saboda haka lauyoyi kan waiwayi wurin da ya sha giyar, su maka mai wurin a kotu. Wannan barazana ce ta buɗe kasuwar inshorar alhakin sayar da giya.

Batun ya shafi Musulmi ta fuskoki da dama. Akwai Musulmi masu kantunan unguwa da gidajen mai da ake sayar da giya a cikinsu a birane irin su Shikago da Ditiroit. Akwai waɗanda ke aiki a kamfanonin inshora. Akwai kuma waɗanda mashayi ya buge ɗansu ko mijinsu, aka ce za a biya su daga aljihun inshorar gidan giya, suka tsaya suna tambaya ko kuɗin ya halatta. Amsa guda ba za ta wadatar da waɗannan duka ba, kuma kuskure a nan yana iya halatta wa wani haram, ko ya hana maraya haƙƙinsa.

2.0 Asalin Alhakin Mai Gidan Giya

Tsohuwar dokar Ingila, wadda Amurka ta gada, ba ta ɗora wa mai sayar da giya alhakin abin da mashayi ya aikata. Hujjarta ita ce shan giya ne sababin ɓarna na kusa, sayarwa kuwa sababi ne na nesa. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A tsakiyar ƙarni na 19 ƙungiyoyin yaƙi da shaye-shaye suka matsa wa majalisun jihohi lamba, aka fara kafa dokokin da ke ba matar mashayi da 'ya'yansa damar neman diyya daga mai gidan giya. Jihar Wiskonsin tana cikin na farko, a 1849. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sarrafa giya da sayar da ita a faɗin ƙasar, kuma bayan ɗage haramcin jihohi da yawa sun yi watsi da waɗancan dokoki.

Yawaitar motoci ce ta dawo da maganar. A 1959 Kotun Ƙoli ta jihar Niyu Jazi ta yanke hukunci a shari'ar Rappaport da Nichols, inda wasu gidajen giya suka shayar da wani matashi ɗan shekara 18, ya tuƙa mota ya kashe mutum. Kotun ta ce mai gidan giyar da ya shayar da wanda bai kai shekarun sha ba, ko wanda maye ya bayyana a kansa, ya yi sakaci, kuma ana iya bin sa diyya. A 1984 kotun ta faɗaɗa hukuncin a shari'ar Kelly da Gwinnell, ya haɗa har da mai masaukin da ya shayar da baƙonsa a gida alhali ya san zai tuƙa mota. Kotun Ƙoli ta Kanada ma ta ɗora wa wani otal alhaki a 1973, saboda ya kori abokin cinikinsa cikin dare bayan ya bugu, mota ta buge shi a hanya.

A yau fiye da jihohi 40 na Amurka suna da wani nau'i na wannan alhaki, yayin da kaɗan, irin su Bajiniya da Merilan, suka tsaya kan tsohuwar ƙa'ida. Kalifoniya ta karɓi alhakin ta hanyar kotu a 1971, sai majalisar jihar ta taƙaita shi ƙwarai a 1978. A Ilinoi alhakin yana iya hawa kan mai ginin da ya ba da haya da sanin cewa za a sayar da giya a ciki, sai dai doka ta sa iyaka ga adadin diyyar. Ma'aunai biyu ne suka fi yawo a dokokin: shayar da wanda bai kai shekara 21 ba, da shayar da wanda maye ya riga ya bayyana a kansa.

3.0 Yadda Inshorar Take Aiki

Sau da yawa ɗan kasuwa a Amurka yakan sayi inshorar alhaki ta gama-gari, wadda ke biya idan, alal misali, wani ya zame ya faɗi a shagonsa. Amma takardar wannan inshora tana ware duk abin da ya shafi maye idan sana'ar mutum ita ce sarrafa giya, rarraba ta, sayar da ita ko shayar da ita. Don haka dole mai irin wannan sana'a ya sayi wata inshora ta daban. Kamfanin da ba sana'arsa ba ce, wanda ya raba giya a liyafar ma'aikata kawai, yawanci inshorar gama-gari tana rufe shi.

Abin da inshorar ke biya ya ƙunshi kuɗin lauyoyi, kuɗin sulhu, da diyyar da kotu ta yanke kan rauni, mutuwa ko ɓarnar dukiya, har zuwa iyakar da aka rubuta a yarjejeniya. Ba ta biyan tarar da hukuma ta ci mai shago. Ba ta biyan kwalaben da suka fashe ko hajar da ta ƙone, domin wannan aikin inshorar dukiya ne. Sau da yawa kuma ana ware faɗa da doke-doke sai an ƙara kuɗi. Wannan bayani yana da muhimmanci ga mai fatawa: abin da aka yi wa inshora a nan shi ne bashin diyya da zai iya hawa kan mai sayarwa, ba ita giyar ba.

Kuɗin da mai shago ke zubawa kowace shekara yana hawa ko sauka gwargwadon kason giya a cinikinsa, lokacin da yake rufewa da dare, ko ana kiɗa da rawa a wurin, yawan ƙarar da aka taɓa kai shi, tsananin dokar jiharsa, da kuma ko ma'aikatansa sun sami horo kan gane alamun maye da duba katin shaida. Wasu jihohi sun mayar da inshorar sharaɗin samun lasisi. A 2017 Karolina ta Kudu ta wajabta inshorar aƙalla dala miliyan 1 ga wuraren da ke shayar da giya bayan ƙarfe 5 na yamma. Kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabo a shekarun da suka biyo baya, har wasu wuraren suka rufe.

Daga wannan za a ga inshorar tana da fuska biyu. Ga mai sayarwa garkuwa ce da ke hana ƙara ɗaya ta durƙusar da sana'arsa. Ga wanda aka cutar kuwa ita ce aljihun da za a biya shi daga ciki.

4.0 Matsayin Sana'ar a Shari'a

Babu saɓani tsakanin malamai kan haramcin giya, wanda ya sauka mataki-mataki har aka rufe ƙofa da aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida. Haramcin bai tsaya kan sha ba. Hadisin Jabir (RA) da Buhari da Muslim suka ruwaito ya tabbatar da haramcin cinikinta a shekarar buɗe Makka. Hadisin Anas (RA) da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya lissafa mutum goma da aka la'anta saboda ita, cikinsu har da mai matsa ta, mai ɗaukar ta, mai shayarwa, mai sayarwa da mai cin kuɗinta. Abin da kotunan Amurka suka kai gare shi bayan doguwar jayayya, cewa idan ɓera da sata daddawa ma da wari, Shari'a ta riga ta tabbatar da shi ta fuskar zunubi.

Wasu 'yan kasuwa a ƙasashen Yamma sukan fake da ra'ayin Imam Abu Hanifa da Muhammad bin Hasan, wanda ya halatta wa Musulmi karɓar dukiyar wanda ba Musulmi ba da yardarsa ta hanyar ɓataccen ciniki a ƙasar yaƙi. Abu Yusuf da jamhurun malamai, cikinsu har da Malikiyya, sun saɓa wa wannan, domin hukuncin Allah yana bin Musulmi duk inda yake. Ko a cikin wancan ra'ayi ma, mai shagon da ke sayar wa kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, a unguwar da shi kansa ɗan ƙasa ne, ya yi nisa da surar da aka yi magana a kanta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta amsa tambayoyin Musulmin Amurka da cewa wanda bai sami aikin halal ba yana iya aiki a gidan cin abincin da ake sayar da giya, da sharaɗin kada shi da kansa ya shayar da ita, ya ɗauke ta, ya sarrafa ta ko ya yi cinikinta. Idan wannan ne iyakar rangwamen ma'aikaci, mai shago ba shi da mafaka a cikinsa.

5.0 Bambancin Zunubi da Lamuni

Tabbatar zunubi a kan mai sayarwa ba ya nufin diyya ta hau kansa kai tsaye. Zunubi babi ne, lamuni wani babi ne daban. Imam Ƙarafi ya ambata a littafinsa Al-Furuƙ cewa sabuban lamuni uku ne: lalata abu da hannu, jawo sababin lalacewarsa, da ɗora hannu a kansa. Ƙa'idar da ta shahara, wadda Majallar Daular Usmaniyya ta rubuta a sashe na 90, ita ce idan mai aikatawa da hannu ya haɗu da mai jawo sababi, hukunci yana komawa ga mai aikatawa. Misalin da malamai kan bayar shi ne wanda ya haƙa rijiya a hanya, wani kuma ya tura mutum ciki: lamuni yana kan mai turawa.

Maye kuma ba ya wanke mai aikatawa. A mazhabar Malikiyya wanda ya bugu da gangan ana kama shi da laifinsa na jini da na dukiya, kuma Muwaɗɗa ta kawo cewa Mu'awiya (RA) ya umurci Marwan da ya yi ƙisasi a kan wani mashayi da ya yi kisa. Majalisar Fiƙihu, a hukuncinta kan haɗurran mota a zaman Burunai na 1993, ta bi wannan tsari: direba ne ke da alhaki, kuma alhakin ba ya komawa ga mai jawo sababi sai idan shi ne ya ƙetare iyaka alhali direban bai ƙetare ba. Direban da ya bugu ya ƙetare iyaka. Don haka, a asalin ƙa'ida, fiƙihu ya fi kusa da tsohuwar dokar Ingila ta fuskar diyya, ko da yake ya fi kowace doka tsanani ta fuskar haramci.

Sai dai akwai kafofi uku da alhakin kuɗi zai iya isa ga mai sayarwa ta cikinsu. Ta farko ita ce inda mai aikatawa ba shi da cikakken hankali, kamar wanda ya miƙa wa ƙaramin yaro wuƙa ya ji wa kansa rauni. A nan sababi yana rinjayar aikatawa. Shayar da yaron da bai balaga ba yana shiga wannan babi, amma a lura cewa ɗan shekara 19, wanda dokar Amurka ke ɗauka bai isa sha ba, baligi ne mukallafi a Shari'a. Ƙara wa wanda ya riga ya fita hayyacinsa giya, alhali an san zai tuƙa mota, yana da kama da wannan sura. Ta biyu ita ce Malikiyya sun yarda a haɗa mai sababi da mai aikatawa idan sababin ya yi ƙarfi, kamar wanda ya riƙe mutum domin wani ya kashe shi. Ta uku ita ce ikon shugaba na ta'aziri da kiyaye maslaha. An ruwaito cewa Umar (RA) ya ƙone gidan Ruwaishid Assaƙafi saboda yana sayar da giya a ciki, kuma malaman Malikiyya sun lamuntar da masu sana'ar hannu kayan mutane saboda maslaha. Abin da ya fi bayyana shi ne dokar da ta tilasta wa mai gidan giya biyan wanda aka cutar ba zalunci ba ce a ma'aunin Shari'a, kuma kuɗin da aka karɓa daga gare shi ta wannan hanya ba ƙwace ba ne.

6.0 Inshora, Aƙila da Takaful

Ibn Abidin, wanda ya rasu a 1836, yana cikin malaman farko da suka yi magana kan inshorar jiragen ruwa, kuma ya hana ɗan kasuwa karɓar diyyarta idan an ƙulla ta a ƙasar Musulunci. A ƙarni na 20 Majalisar Manyan Malaman Saudiyya a 1977, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1978, da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a Jidda a 1985, duk sun haramta inshorar kasuwanci saboda garari, kamanni da caca da riba, suka halatta ta taimakekeniya. Shaihu Mustafa Zarƙa ya saɓa musu, ya halatta tsarin inshora. Malamai da yawa daga masu haramtawa sun yi uzuri ga wanda doka ta tilasta, kamar inshorar mota.

Masu halatta inshorar alhaki sukan kafa hujja da aƙila, wato dangin da ke tarayya wajen biyan diyyar kisan kuskure cikin shekara uku. Hikimar aƙila ita ce kada jinin mutum ya tafi a banza, kada kuma mai kuskure ya talauce shi kaɗai. Majalisar Fiƙihu, a zamanta na Dubai a 2005, ta yarda cewa asusun takaful da ƙungiyoyin ma'aikata suna iya tsayawa a matsayin aƙila inda babu dangi. Amma aƙila ba ta ɗaukar laifin ganganci. Haka kuma taimakonta yana zuwa ne bayan kuskure ya auku cikin harkar rayuwa ta yau da kullum. Inshorar gidan giya kuwa ana ƙulla ta tun kafin komai ya faru, domin a share wa haramtacciyar sana'a hanya ta ci gaba. Kamanninta da aƙila yana ta ɓangaren wanda aka cutar ne kaɗai.

7.0 Hukuncin Kowane Ɓangare

7.1 Musulmi Mai Sayar da Giya

Wajibinsa na farko shi ne barin sana'ar. Ba zai kafa hujja da cewa doka ce ta tilasta masa inshorar ba, domin shi ya shigar da kansa inda tilas ɗin yake, kuma a wurin jamhur rangwame ba ya rataya da saɓo. Mai mota yana da uzuri saboda tuƙi halal ne. Mai gidan giya ba shi da irinsa.

Duk da haka akwai kuskuren da ya kamata mai fatawa ya kiyaye. Idan irin wannan mutum ya tambayi hukuncin inshorar kawai, aka ce masa haram ce, yana iya soke ta ya ci gaba da sayar da giya, yana ganin ya rage zunubi. A gaskiya ya ƙara ne, domin ya bar asalin saɓon, sannan ya toshe hanyar da waɗanda sana'arsa za ta cutar za su sami haƙƙinsu. Ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu tana nuna cewa amsar da ta dace ita ce a fara da fitar da giya daga shago, inshorar ta bi bayanta. Wanda ya tuba kuma ya kamata ya duba takardarsa: wasu yarjejeniyoyi suna biyan duk abin da ya faru a lokacin da suke aiki ko da an kai ƙara daga baya, wasu kuwa ba sa biya sai ƙarar da aka shigar kafin su ƙare. Tunda ana iya kai ƙara bayan an rufe shago, barin kafar da za a biya haƙƙin da ya riga ya hau kansa yana cikin mayar da haƙƙoƙi, wanda sharaɗi ne na tuba.

Fita daga sana'ar tana da wuya ga wanda cinikinsa ya dogara da ita, kuma wa'azi kaɗai ba ya isa. A Shikago ƙungiyar Musulmi ta IMAN ta yi aiki da masu kantunan unguwa domin su rage dogaro da giya su koma sayar da abinci mai gina jiki. Irin wannan tallafi yana cikin taimakekeniya a kan alheri da aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta yi umurni da ita.

Hukuncin ya haɗa da mai gidan abinci na halal da ke barin mutane su zo da kwalabensu, da mai zauren biki ko gini da ya ba da haya domin a sha ko a sayar da giya. Jamhur, har da Abu Yusuf da Muhammad, sun hana irin wannan haya.

7.2 Kamfanin Takaful

Asusun takaful gudummawa ce da mahalarta suka zuba domin su agaza wa juna. Ma'auni na 26 na hukumar AAOIFI, wanda ya shafi inshorar Musulunci, ya hana yi wa haramtattun abubuwa ko haramtattun manufofi inshora. Don haka kamfanin takaful ba zai sayar da wannan inshora ba, ga Musulmi ko ga wanda ba Musulmi ba. Wannan ya shafi Nijeriya kai tsaye, tunda hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013 kuma kamfanoni suna neman abokan hulɗa cikin otal-otal na Abuja da Legas, waɗanda da yawansu suna da mashaya a ciki. Kwamitin Shari'a na kamfani yana iya duba ko za a rufe ginin otal da ma'aikatansa a ware mashayar da hajarta. Amma ma'aunin kashi 5 cikin 100 na kuɗin shiga, wanda aka sani a babin sayen hannun jari, ba ya aiki a kan yarjejeniyar da gaba ɗayanta a kan giya aka gina ta.

7.3 Ma'aikaci da Dillalin Inshora

Malamai sun bambanta taimako na kusa da na nesa a kan saɓo. Malikiyya da Hanbaliyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san zai matsa giya da shi, saboda toshe kafar ɓarna. Dillalin da ke nemo gidajen giya, ya tsara musu inshora, ya ci lada a kan kowace yarjejeniya, taimakonsa na kusa ne, musamman inda lasisi ba ya fita sai da takardar da ya samo. Ma'aikacin da aikinsa shi ne ƙiyasta raunin wanda aka cutar da biyan sa haƙƙinsa yana da sauƙi a kan wancan, ko da yake maganar aiki a kamfanin inshorar kasuwanci tana nan a kansa. Wanda zai iya neman a canza masa sashe ya nema.

7.4 Wanda Aka Cutar da Magadansa

Wannan ne ɓangaren da aka fi tauyewa saboda tsantseni da ba a wurinsa ba. Wanda mashayi ya buge bai ƙulla inshora da kowa ba, bai sayi giya ba, bai sayar ba. Yana karɓar haƙƙinsa ne na rauni ko na jini daga wanda ya ɗauki nauyin biya. Canjin sababin mallaka yana canza hukuncin dukiya, kamar yadda hadisin Barira ya nuna game da naman da ya kasance sadaka gare ta, kyauta ga Annabi (SAW). An kuma ruwaito cewa Umar (RA) ya hana ma'aikatansa karɓar giya daga Ahlul Zimma a matsayin haraji, ya ce a bar su su sayar da kansu a karɓi kuɗin. Don haka karɓar wannan diyya halal ne. Idan akwai marayu cikin magada, waliyyinsu ba shi da ikon yafe rabonsu da sunan tsantseni, domin tasarrufinsa a dukiyarsu yana rataye da maslaharsu.

Sharuɗɗan da ke kansa su ne gaskiya wajen bayyana cutar da ta same shi ba tare da ƙari ba, fitar da kuɗin ruwa da kotu kan ɗora saboda jinkirin biya a ba mabuƙata, da raba abin da aka biya a madadin rai bisa ƙa'idar gado, kamar yadda ake raba diyya.

8.0 Kammalawa

Inshorar alhakin sayar da giya ta samo asali ne daga amincewar dokokin Amurka cewa mai shayarwa yana da hannu a ɓarnar mashayi. Shari'a ta haramta sana'ar daga tushe, ta bar diyya a kan mai aikatawa a asali, ta kuma buɗe wa shugaba ƙofar lamuntar da mai sayarwa inda sababinsa ya yi ƙarfi. Inshorar ba ta halatta sana'ar, soke ta kuma ba ya tsarkake mai sana'ar muddin giya tana kan kanta. Kamfanin takaful da dillali Musulmi ba za su shiga cikinta ba. Wanda aka cutar kuwa haƙƙinsa tsarkakakke ne, ko daga wane aljihu ya fito.

Ana ba masu fatawa shawara su fara tantance matsayin mai tambaya kafin su amsa, su kuma nemi ganin takardar yarjejeniyar da dokar jihar da abin ya faru, tunda dokokin sun bambanta. Ana kuma buƙatar ƙarin bincike daga ɗaliban fiƙihu kan iyakar lamunin mai jawo sababi a mazhabar Malikiyya, domin mas'alar tana da 'yan'uwa a kusa, kamar mai kantin magani da ya sayar wa matashi maganin tari mai sa maye, ko mai mota da ya miƙa makulli ga direban da ya san ba ya cikin hayyacinsa.

Allah ne Mafi sani.